Tsohuwar Marsandi ko ta zamani: wacce zan riƙe?

Abu_Hanif
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah na fi son jin bakin wanda ya taɓa riƙe motar da hannunsa.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya bar Marsandi 300 SE ƙirar 1988, wadda masu harkar ke kira W126, kuma a rabon gado ni ta faɗo wa. Shekara uku ke nan tana hannuna. Inji lafiya lau, silinda shida a jere, ko ta kwana huɗu ba a taɓa ta ba kik ɗaya take tashi. Larurarta uku ce: esi ya daina sanyi, gilashin baya na hagu sai an tallafa masa da hannu yake hawa, sannan tsatsa ta fara cin gindin ƙofar direba. To ga wani abokina zai rabu da tasa S 350 ta 2010, wato W221. Na tuƙa ta sau biyu, kuma ba zan ɓoye muku ba, ta shiga raina. Wurin ajiyata na mota ɗaya ne, ƙarfina ma na mota ɗaya ne. Tun ina yaro nake jin ana cewa Marsandi ta gaskiya ita ce ta da, ta yanzu suna ne kawai ya rage. Haka abin yake, ko kewar abin da ya wuce ce kawai ke sa mu faɗin haka? Wacce zan riƙe?

Kabiru_W124
Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan Baba. Kada ka sake ta, ɗan'uwa. Da tsohuwar zuma ake magani. Abubuwa ukun da ka lissafa duk aikin mako guda ne. Waccan kuwa ranar da ta fara nata, ba za ka ma san inda ciwon yake ba sai an jona mata kwamfuta.

Sadiq_Zamani
Ni kuma akasin haka nake gani. Motar da ta haura shekara 35 abin kallo ce, ba abin hawa na kullum ba. Ka ɗauki W221 ka huta. Giya bakwai, shiru a ciki kamar ɗakin karatu, fitilarta na haska maka hanya da dare yadda ya kamata. Ita kuwa ta Baba giya huɗu ce, ka taka ta a babbar hanya ka ji yadda inji ke kuka, ka kuma duba allurar mai.

Bakanike_Sani
Alhaji Abu_Hanif, shekarata 26 ina kwance a ƙarƙashin motocin nan, don haka bari in faɗa maka abin da hannuna ya sani.

Injin da ke cikin taka sunansa M103. Inji ne mai haƙuri. Abin da ya fi damunsa tsiyayar baƙin mai ta gasket idan ya tsufa, da murfin distiributa da ke tsagewa, da robobin iska da ke bushewa. Tsarin mansa na Bosch ne, KE-Jetronic, rabinsa ƙarfe rabinsa lantarki. Idan aka bar shi yadda kamfani ya saita shi, zai yi shekaru bai ce uffan ba. Abin da ke kashe shi shi ne hannun wanda bai san shi ba: mota ta ɗan yi rawa a tsaye, sai a kama sukurun saitin mai a yi ta murɗawa, alhali wata 'yar roba ce ta tsage tana shan iska.

Ita W221 kuma ba sifirin na ƙarfe take kai ba, jakunkunan iska ne da famfo mai hura su, abin da suke kira Airmatic. Daɗinta a hanya daga nan yake, wahalarta ma daga nan take. Roba ce, kuma roba tana da wa'adi. Ka je gidan abokinka da sassafe kafin ya tayar da ita, ka tsaya daga nesa ka duba. In ka ga gefe ɗaya ya durƙusa, jakar wannan gefen ta fara yoyo. In aka yi sakaci, famfon zai yi ta aiki ba hutawa har ya ƙone, gyara ɗaya ya koma biyu.

Abu_Hanif
Na gode, Oga Sani. Wannan na zuwa da sassafe ban taɓa tunaninsa ba. Duk sau biyun da na gan ta da yamma ne, bayan ta wuni a hanya.

Dattijo_Direba
Yara, ku bari in sa baki. Na yi shekara 31 ina tuƙin manya kafin gwiwa ta ce in zauna. Na fara da 230 mai kafireto, na yi 280 SE, na yi irin ta mahaifin yaron nan, na ƙare da W221. Abin da zan ce shi ne: tsohuwar tana yi maka magana. Ta sitiyari kake jin abin da taya ke takawa, ta kujera kake jin in bayan motar zai zame. Ƙofarta kuma in ka rufe, ƙara ɗaya ce mai nauyi, ba karkarwa. Ta zamani ba ta gaya maka komai, ita ke yanke shawara ta aiwatar kafin ka ankara. Amma gaskiya ɗaya ce, in na yi tafiyar awa takwas a W221 nakan sauka da sauran ƙarfina, abin da ban taɓa samu a na da ba. Maigida ma a baya barci yake yi har mu isa.

Dan_Tauraro
Ai shaida tana nan a ajiye. Akwai direban tasi a ƙasar Girka da ya yi kilomita miliyan 4.6 da W123 ɗinsa ta dizal, motar yanzu tana hannun gidan tarihin kamfanin a Stuttgart. Ku nuna mini ta zamani ɗaya da za ta yi ko rabin haka.

Injiniya_Bello
@Dan_Tauraro labarin gaskiya ne, amma da gyara biyu. Motar 240 D ce ta 1976, sai dai W115 ce, wadda W123 ta gada, ba W123 ba. Na biyu, ba inji ɗaya ne ya yi wannan tafiyar ba, an yi ta sauke inji ana ɗora wani. Wannan bai rage wa motar daraja ba, bodi da ya jure irin wannan aiki ya cancanci yabo. Amma mu faɗi abu yadda yake.

Sannan akwai abin da idonmu ke yi mana. An ƙera W123 kusan miliyan 2.7 tsakanin 1976 da 1986. Waɗanda muke gani yau su ne suka tsira, wato waɗanda suka faɗa hannun masu kula. Waɗanda tsatsa ta cinye ko inji ya buga an daɗe da narkar da su, ba wanda ke ɗaukar hotonsu. In ka auna zamani guda da zaɓaɓɓun da suka rage, dole ya fito da kyau fiye da yadda yake.

Kabiru_W124
Injiniya, na yarda da batun W115. Amma maganar tsira ba ta gamsar da ni ba. Me ya sa su suka tsira da yawa haka, alhali motocin wasu kamfanoni na shekarun nan sun ɓace? Me ya sa direbobin tasi a Jamus suka riƙe ta shekara da shekaru? Mai tasi ba ya sayen mota don ado.

Injiniya_Bello
Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban musa ba. An gina su da rara: ƙarfe mai kauri, inji babba da ba a matsa masa. Ka duba 240 D, inji lita 2.4 amma ƙarfinsa bai wuce doki 72 ba. Injin da ba a tatsarsa dole ya daɗe. S 500 ta W223 kuwa, wato sabon zubin S-Class, jerin manyan motocin da W126 da W221 ke ciki, da ta fara fitowa inji lita 3 ne, yana ba da doki 435 da taimakon tabo (turbo) da lantarki. Ita 560 SEL, sarauniyar W126, da lita 5.6 da silinda takwas, iyakarta doki 300 a nau'in da ya fi ƙarfi. Ka ga an ƙara ƙarfi an rage shan mai da hayaƙi, amma kowane sashe na injin yana aiki cikin zafi da matsi fiye da da.

Ummu_Sadiya
Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, ana ta zancen ƙarfe da inji, ba wanda ya tambayi Malam Abu_Hanif ko su wa zai riƙa ɗauka a motar. Malam, kana da iyali? Yara nawa? Motar Baba tana da jakar iska?

Abu_Hanif
Ina da mata da yara uku, Hajiya, ƙaramar shekararta biyu. Motar tana da ABS, na'urar da ke hana taya cijewa in an taka birki da ƙarfi, amma ba jakar iska ko ɗaya. A lokacin sai wanda ya nema ake sa masa, kuma wanda ya fara sayenta bai nema ba.

Ummu_Sadiya
To ni a nan maganar ta tsaya mini. Ma'aikaciyar jinya ce ni, na yi shekaru a sashen da ake kawo waɗanda suka yi hatsari. Mutane na ganin tsohuwar mota ta bugi abu ba ta lotsa sosai ba sai su ce ƙarfe ne. Ƙarfin bugun da mota ba ta shanye ba, ƙirji da wuyan wanda ke ciki ne ke shanye shi.

Ni kaina na ga amfanin na zamani. Wata rana da damina na shiga kwana da ɗan gudu, ruwa ya kwanta a kan kwalta, na ji bayan motar ya fara juyawa. Kafin in san abin yi, wata fitila mai ruwan ɗorawa ta yi ta ƙyaftawa a gabana, na ji birki na kama taya ɗaya-ɗaya da kansa, motar ta dawo kan layinta. 'Yata na baya tana cin biskit, ba ta ma san an yi wani abu ba. Na samu gefe na tsaya, hannuna na rawa kusan minti biyar. Da a motar da ba ta da wannan na'urar nake, Allah kaɗai ya san inda za mu kwana.

Dan_Tauraro
Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Amma kada a ɗauka W126 gwangwani ce. Ai a kanta aka fara sa jakar iska ta direba a Marsandi, a 1981.

Injiniya_Bello
Haka ne, kuma maganarka da ta Hajiya ba sa karo. Shi wannan tunani na a bar gaba da bayan mota su lotsa don ɗakin fasinja ya tsira, wani injiniyan kamfanin ne mai suna Béla Barényi ya yi masa rajista a farkon shekarun 1950, aka fara amfani da shi a W111 ta 1959. ABS ya zo a W116, wadda W126 ta gada, a 1978 tare da Bosch. Jakar iska a W126 a 1981 kamar yadda Dan_Tauraro ya ce. Na'urar da ta ceci Hajiya, ESP, ta fito a 1995 a kan S 600 mai ƙofa biyu. Bayan da ƙaramar A-Class ta kife a wani gwajin kauce wa dabba a Suwidin a 1997, sai kamfanin ya sa mata ESP, daga nan abin ya bazu, har Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan duk sabuwar mota daga 2014.

Abin da nake so a gane, W126 a zamaninta tana sahun gaba wajen kariya. Amma shekara 22 ne tsakanin 1988 da 2010, kuma a cikinsu aka samu jakar iska ta gefe, da ta labule mai kare kai, da Pre-Safe mai ɗaure bel da gyara kujera in mota ta hango karo. Duk W221 tana da su.

Rewaya_Idi
Ni bari in kawo ta ɓangarena, don masu cewa ta da ba ta da matsalar waya. Akwai wani zango a farko zuwa tsakiyar shekarun 1990 da aka yi amfani da rigar waya mai ruɓewa da kanta don kare muhalli. Zafin inji na dafa ta, sai ta farfashe kamar busasshiyar laka, wayoyi su haɗu tsirara. Ya shafi W124 na ƙarshe-ƙarshe, magajiyar W123, da W140, magajiyar W126, da wasunsu. Oga Kabiru, in taka ta 1993 ce ko 1994, ka yaye baƙin tef ɗin da ke kan wayoyin inji ka duba.

Ta Malam Abu_Hanif ba ta cikin wannan. Ita abin da ke ba ta wahala wani ɗan rile ne mai fis a kansa. In ya gaji, fitilar ABS ta kama, mota ta riƙa wuyar tashi da sanyin safiya. Na sha ganin an sauke famfon mai an canza fulogi a banza, alhali wannan ɗan abin ne da bai kai akwatin ashana biyu ba. Gilashinka na baya kuwa sau tari man shafawa ne ya bushe a kan layinsa, ko haƙoran injin ɗaga shi sun cinye.

Kabiru_W124
Tawa ta 1990 ce, Malam Idi, Allah ya tsare ni. Amma ka yi gaskiya, na ga irin wannan a ta wani abokina.

Sadiq_Zamani
Kun gani ko? Kowane allazi da nasa amanu. Ana ta cewa na da, na da, ga shi su ma da nasu.

Malam_Nura
Ni tambayata ita ce, yaushe ne ma "da" ɗin ya ƙare? Don na lura kowa inda ƙuruciyarsa ta tsaya nan yake ja layi. Baba Dattijo zai ce W116, Kabiru zai ce W124, wani ƙanena kuma cewa yake W221 ce ta ƙarshe a cikin na gaskiya, tunda tana da maɓallai.

Injiniya_Bello
Malam Nura, tambayarka ta fi ta kowa. In za a ja layi, yawancin masu bin tarihin kamfanin a kan W140 suke ja, wadda aka yi daga 1991 zuwa 1998. Ita ce ta ƙarshe da injiniyoyi suka yi yadda ransu ke so: gilashi ruɓi biyu don hana ƙara, ƙofa mai ja wa kanta ta rufe, injin silinda 12 a 600 SEL, har da wasu 'yan sanduna biyu da ke fitowa daga kusurwar but in ka sa ribas don ka ga iyakar motar. Nauyinta ya kai tan biyu. Ta zo a makare, ta ci kuɗin ƙira mai yawa, kuma a Jamus an soke ta da cewa ta cika girma. A daidai lokacin kuma Toyota ta fito da Lexus LS 400 a 1989, mota mai laushi da inganci a kan kuɗin da bai kai na Marsandi ba, musamman a kasuwar Amurka. Daga nan tsarin ya juya: a fara tsayar da kuɗin da mota za ta ci, sannan a ƙera ta a cikinsa.

Abin da ya biyo baya shi ne zangon da ya ɓata wa kamfanin suna. W210 mai fitilu huɗu zagayayyu da W220, wadda W221 ta gada, sun yi fama da tsatsa. An haɗe da Chrysler a 1998, aka rabu a 2007. W211, wato E-Class ta lokacin, ta zo da birkin lantarki mai suna SBC, aka yi ta kiranye, na 2005 ya shafi motoci kusan miliyan 1.3, har aka cire tsarin daga E-Class a 2006. To mutane da yawa da ke cewa ta zamani ba ta da ƙwari, wannan zangon suke tunawa. W221 da ta fito a 2005 ita ce yunƙurin wanke wannan tabo, kuma ta fi wadda ta gada inganci nesa ba kusa ba.

Bakanike_Sani
Injiniya ya faɗi gaskiya kan W140, amma a tambayi wanda ya taɓa canza mata tukunyar sanyi ta esi. Sai ka kwance dashbod gaba ɗaya, har sitiyari, kujerun gaba su cika da sukurori da wayoyi. Kwana biyu cur nake yi a kai. Don haka rikitarwa ba yau ta fara ba.

Kuma tunda an zo maganar esi, Alhaji Abu_Hanif, taka da iskar R12 aka yi ta, wadda aka daina saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987. In ba a riga an juya ta zuwa R134a ba, sai an wanke layin an canza mai da robobi. Kada ka yarda a ɗura mata sabuwar iska a kan tsohon mai.

Dattijo_Direba
Sani ya tuna mini wani abu. Da 300 D nake aiki a lokacin, na kai maigida wani taro, na murɗa makulli na zare shi, inji ya ƙi mutuwa. Makulli a hannuna, mota na ta ruri. Ashe iska ce ke kashe injin dizal ɗin nan, ita ce kuma ke kulle ƙofofi, kuma wani yaron gareji ya fizge 'yar tiyo ɗaya bai mayar ba lokacin da yake canza matatar mai. Wani tsohon direba da ke wurin ya zo ya buɗe bonet, ya danna wani ɗan ƙarfe da aka rubuta STOP a kansa, inji ya yi tsit. Ya laluba ya samo tiyon ya mayar da yatsa biyu. Ko sifana ba a ɗauko ba. Abin da nake so a tsohuwa ke nan, an yi ta ne da tunanin wata rana za ka tsaya a inda ba kowa.

Sadiq_Zamani
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma a yi wa ta zamani adalci. Ita fa gaya maka take yi. Ka jona na'ura, ta ce sensa kaza a taya kaza. A tsohuwa sai an yi ta lalube ana canza kaya ana gwadawa. Matsalar ba motar ba ce, ƙarancin masu iya karanta abin da ta faɗa ne.

Rewaya_Idi
Rabin gaskiya ne, Sadiq. Na'ura tana nuna maka inda aka ji ciwo, ba ta nuna abin da ya jawo shi. An taɓa kawo mini wata da ta tara saƙon kuskure sama da ashirin, mai ita har ya fara neman sabuwar ƙwaƙwalwar mota saboda wani ya ce masa ta ƙone. Batir ne ya yi sanyi. Motocin nan akwatunan lantarki ne da yawa ke hira da juna a kan waya, in wuta ta ragu sai kowanne ya fara ƙorafi. Wata kuma ganye ne ya toshe magudanar ruwa a gindin gilashin gaba, ruwan sama ya taru ya gangara kan kafet, ya jiƙa wayoyin da ke ƙarƙashi. Mai W221 dole ya zama mai tsafta da kiyaye lokaci. Ba ta yafe sakaci kamar yadda tsohuwa ke yafewa.

Hafsat_M
Ni ba masaniyar inji ba ce, amma ina da ido. W126 kyakkyawa ce har gobe. Bruno Sacco da ya jagoranci zanenta bai cika mata kwalliya ba, layi ne miƙaƙƙe, katako na gaske a ciki, maɓallin gyara kujera ma an yi shi da siffar kujera a jikin ƙofa, ko makaho ya taɓa ya gane. Na shiga sabuwar S-Class ta yanzu, W223, komai ya koma cikin wani babban allo a tsakiya, ko sanyin esi za ka rage sai ka ɗauke ido daga hanya. Allon wayar hannu shekara biyar yake yi ya zama tsohon yayi. Ina tunanin yadda wannan zai kasance bayan shekara talatin.

Sadiq_Zamani
Hajiya Hafsat, ai magana ake yi mata ta yi, ba sai kin taɓa allo ba. Kuma W223 tayoyinta na baya suna juyawa har digiri 10, doguwar mota ta yi kwana kamar ƙarama. Tana da jakar iska a gaban masu zama a baya. A 2021 hukumomin Jamus suka amince da tsarinta na Drive Pilot, wanda ke tuƙa kansa a cunkoson babbar hanya direba ya saki sitiyari. Wannan fa shi ne aikin S-Class tun asali, ta riga kowa. Wanda ya sayi W126 sabuwa a 1979 ba tsohon yayi ya je nema ba, sabon abu ya je nema.

Malam_Nura
Wannan jimlar ta ƙarshe ta Sadiq abin a tsaya a kai ce. Ko 600 ta 1963, wadda shugabannin ƙasashe suka riƙa hawa, ba sauƙi aka gina ta a kai ba. Gilashi, kujeru, murfin but, duk da matsin mai suke aiki, ta cikin siraran bututu da suka ratsa motar. Guda 2,677 kawai aka yi har zuwa 1981, kuma yau masu iya gyaran wannan tsarin ƙalilan ne a duniya. Wato babbar Marsandi kullum mai rikitarwa ce a zamaninta. Sauƙin da muke yabo na su 200 da 240 D ne, motocin tasi da ma'aikata.

Kabiru_W124
To amma 300 SE ta Abu_Hanif ai ta fi kusa da waɗannan. Sifirin na ƙarfe, inji mai layi ɗaya, sarari a ƙarƙashin bonet har ka ga ƙasa. Ita ce daidai tsakiya: girman manya, sauƙin talakawa.

Bakanike_Sani
Mu dawo kan tambayar mutumin nan, don mun yi nisa. Alhaji, abin da ya fi ba ni tsoro a taka ba esi ba ne, tsatsa ce. Wadda ka gani a ƙofa 'yar aike ce. Ka sa a ɗaga motar, a duba ramukan da ake sa jak, a ɗaga kafet ɗin but a duba ƙarƙashin gilashin baya, a cire batir a duba tiren da yake zaune a kai. In sukundireba ya shige a ɗaya daga cikin wuraren nan, aikin walda ne babba, kuma sai fanabita na ƙwarai. In wuraren nan lafiya suke, motar za ta iya kai 'yarka ƙarama makarantar sakandare.

Ita kuma ta abokinka, ka tambaye shi takardun sabis. Yaushe aka canza man giya? An taɓa canza jakunkunan iska, kuma da wane iri? Injinan V6 na shekarun farko na wannan ƙira sun yi fama da wani haƙori da ke cinyewa a cikin inji, amma ta 2010 ta wuce wannan zangon. In ya ce ba shi da takarda ko ɗaya, ka yi tunani sau biyu, ko da abokinka ne. Araha ba ta ado.

Ummu_Sadiya
Ni dai ina nan kan bakana. A gyara ta Baba a riƙa fita da ita ranar hutu, wannan daidai ne. Amma kai yara makaranta kullum da doguwar tafiya da iyali, a samu mai jakar iska da wurin ɗaure kujerar jariri. In ma ba W221 ba, wata.

Dattijo_Direba
'Yata, maganarki gaskiya ce, ba zan ja da ke ba. Sai dai yaron nan ya ce wuri ɗaya gare shi. Ni abin da na sani, wanda ya sayar da motar mahaifinsa yakan dawo yana nemanta bayan shekaru, kuma da wuya ya same ta yadda ya bar ta. Abu_Hanif, ba ka da ɗan'uwa mai fili da zai ajiye maka ita?

Abu_Hanif
Baba, akwai yayata, gidanta da rumfa, kuma ita ma ba ta son a sayar. Ban taɓa kawo wannan a raina ba sai yanzu. Sai dai ina jin tsoron ajiye mota ba a hawa, an ce zama ya fi tafiya lalata su.

Jiya da daddare bayan na karanta maganar Oga Sani na ɗauki tocila na buɗe but, na ɗaga kafet. Ƙarfen a bushe yake, fentin kamfani na nan. A gefen taya sifeya na tarar da ƙaramin littafin da Baba ke rubuta ranar canza baƙin mai da kilomita, da rubutun hannunsa, na ƙarshe wata huɗu kafin rasuwarsa. Na daɗe a tsaye a wurin.

Gobe in sha Allahu ƙarfe shida zan je gidan abokina in ga yadda tasa ta kwana. Ranar Asabar kuma za a ɗaga tawa a duba ramukan jak.

Rewaya_Idi
In ka ajiye ta a gidan Yaya, ka cire kan batir, ka riƙa zuwa duk mako biyu kana zagayawa da ita har inji ya yi zafi sosai, ba tayarwa a tsaye kawai ba. Kuma kada ka bar tanki ba mai, tsatsa ke kama cikinsa ta toshe famfo.

Sadiq_Zamani
In ka je goben, ka kunna makulli kafin ka tayar da inji, ka tabbata duk fitilun gargaɗi sun kama sannan sun mutu bayan ta tashi. Wasu masu sayarwa kan rufe fitilar da ke tona musu asiri. Ka ɗauko mana hoton dashbod ɗin.

Kabiru_W124
Da hoton littafin Baba ma, in ba damuwa. Ina so in ga kilomita nawa yake yi kafin ya canza mai.